Ƙwai Tara a Gwammaja

Kwana hamsin da bakwai na ƙirga
da gawayi, a bangon ɗakina na Gwammaja.
Ƙwai tara Talatu ta saka,
mesar da na raina tun tana tsawon mazagin wando.
Farare ne, da taushin jemammiyar fata,
manne da juna, ba sa son rabuwa.

Tsohuwar kular biki na mayar ɗakin kwanci,
jiƙaƙƙiyar dusar katako a ƙasa,
ƙwai na goma a sama, na lantarki,
shi ne uwarsu, shi ke ɗumamawa.

Sai taransifomar layinmu ta buga.
Kwana shida ba wuta.
Da rana kwanon rufi ya gasa su,
da asuba sanyin ruwan sama ya ratsa su.
Na dinga naɗe gorar ruwan zafi a tawul
ina kai musu, kamar mai jinyar tsohuwa.

Na haska su da tocilar waya:
jijiyoyi ja, sirara, sun sarƙe
kamar lungunan Kurmi.
Biyu babu komai ciki sai duhu,
sun lotsa, sun yi hunhuna,
warinsu ya riga ni sanarwa.

Huɗu suka tsaga ɓawo da kansu,
suka leƙo, harshe na gaida iska.

Na biyar ya yi shiru.
Na ce bari in ba shi kwana guda.
Da na sa reza, ga shi nan cikakke,
zanen bayansa ya kammala kamar aikin hula,
sai dai ba shi da ɗan haƙorin tsaga ƙwai.
Ruwan da ya raine shi, shi ya sha shi,
tsakaninsa da duniya kaurin takarda,
bai samu ƙofar fitowa.

Na shida ya zo ba ido,
fata ta shafe gurbin sumul,
haɓar ƙasa ba ta kai ta sama ba.
Kafin la'asar ya daina motsawa.

Na bakwai ne ya hana ni barci.
Bayansa ya lanƙwashe wuri uku
kamar ƙusar da aka zare daga katako.
In ya nufi gabas, sai ya ɓulla kudu,
ya tsaya, ya sake gwadawa.

Na kai shi wa Dokta Ilu a Gidan Zu.
Ya shafa ƙashin da ɗan yatsa, ya ce,
zafin da ya hau ya sauka na yin haka.
Sannan ya ɗago: wane ne ubansu?
Na dubi takalmina.
Ɗan Talatu ne na fari, mai ruwan zuma,
launin nake so ya dawo, don launi ke tsada.
Na daɗe ina zagin masu wuta,
ashe da hannuna a cikin ɓarawa.

Iya Ɗanmani ta leƙo ta katanga:
maciji ne fa, Sa'idu,
wa ya taɓa zaman makokin maciji?
Ban ba ta amsa ba.
Na haƙa rami a gindin zogale,
na sa huɗu a ciki, biyu ko suna ba su kai ba,
na mayar da ƙasa ina dannawa.

Lafiyayyun huɗu wani mai mota ya kwashe,
ya lissafa kuɗi, bai tambayi sauran ba.
Karkataccen ya rage mini.
'Yata Hansatu ta sa masa Ƙugiya.

Daren jiya, bayan sati uku yana ƙi,
ya karɓi jinjirin ɓera.
Muka durƙusa, ni da ita, da aci-balbal,
muna bin ɗan tudun da ido.
Ya wuce kwanar farko.
Ya wuce ta biyu da ƙyar.
A ta uku ya tsaya.
Hansatu ta riƙe hannuna, ta ce, Baba, zai wuce?
Na ce, matso da fitilar,
ai bai gama haɗiyewa.