Ɗan Taya Lissafi

Malam Barau ya shigo shagona a Sabon Gari
da kwamfuta naɗe cikin tsohon bargo,
kamar mai kai jinjiri asibitin Shika.
Ta girmi yaron da ya ɗauko masa ita.
Ya ce, "Wasiƙa kam tana bugawa lafiya lau,
amma da na ce ta auna mini kusurwar fili
sai ta ƙame, sai dai in zare waya."

Na kwance murfi.
Warin ƙarfe mai zafi, busasshen kyankyaso,
da yanar gizo ta ainihi, wadda gizo ya saƙa da kansa.
Na zargi ma'ajiya, na cire, na goge bakinta, na mayar.
Ta ƙame.
Na zargi fanka, na ɗiga mata man keken ɗinki.
Ta ƙame.
Na ɗora wa wutar Nepa laifi, na tada janareto.
Ta raka ni har lamba ta uku bayan ɗigo,
ta ƙame.

Mai awara ta kwashe kaskonta, an kira magariba,
sannan idona ya faɗa kan ɗan baƙin nan mai kusurwa huɗu
da ke tsugune gefen babbar ƙwaƙwalwa,
wanda ake miƙa wa duk lissafi mai gutsure,
rabi, kwata, da ɓurɓushin da rabo ke bari.
Babbar ta miƙa tambaya, ta tsaya jiran amsa,
ƙaramin ya yi gum,
gida duka ya tsaya jira.
Ƙafarsa guda ta yi kore shar don tsatsa.

Na sa bakin sukudireba na ɓamɓare shi a hankali,
na gusar da 'yar hular roba a kan allo,
na shaida wa na'ura:
ba ya nan, ki daina kiransa.

Ta tashi.
Ta kama filin nan na Dakace,
tana ƙirgawa da yatsu kamar ɗan aji biyu,
har shayinmu ya huce.
Amma ta kai.

Malam Barau ya karɓi ɗan abin a tafin hannu,
yana juya shi ƙarƙashin ƙwan lantarki.
Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina safiyo,
Jatau ke riƙe da littafi.
Ni in leƙa madubi in faɗi lamba, shi ya raba.
Bayan mun kai shi makwanci a Wusasa
na koma daji, na faɗi lamba,
na tsaya jira."

Na ce, ko Legas aka aika, da wuya a samu irinsa.
"Bar shi," in ji shi.
Ya cusa shi a aljihun gaba, inda goro yake,
ya ce wa yaro ya naɗe bargo.
"Ai ta iya. Jinkiri ne kawai.
Za mu saba."