Tulun Dattijo

Shekara uku shi kaɗai a akwatin gilashi,
dogo kamar igiyar guga, a naɗe cikin fasasshen tulu.
Rumasa'u ce ta raɗa masa Dattijo.

Ran Asabar, cikin yayyafin Bradford da ba ya ɗaukewa,
na shigo da biyu a leda.
Mai shago ya rantse ba sa faɗa.
Na ce ai dangi ne, ruwan ƙasarmu ya haife su duka.

Ko isha'i ba a kira ba
ya fito, ya cafki wutsiyar ƙaramin,
ya kora shi lungu.
Ɗayan ya hau sama yana laluben murfi
ko akwai ƙofa.

Na naɗe hannun riga,
na kwashe duwatsu, na juya bakin tulu,
na jefa guntayen bututu, na kashe fitila.
Gari ya koma sabo, kowa baƙo.

Da asuba na haska tocila.
Su uku a tulu ɗaya, a cuɗe,
ban san wutsiyar wa nake kallo ba.

Rumasa'u ta ja mini riga:
Baba, Kawu Sidi fa,
har yaushe zai yi ta kwana a falo?