Kwaɗo Uku a Ƙofa

Shekara shida ina gadin gidan Alhaji Rasaki
a wani lungu na Surulere.
Katangarsa ta yi biyuna a tsawo,
an shuka mata fasassun kwalabe a ka,
aka ƙara naɗa mata waya mai ƙaya.

Kwaɗo uku ne a ƙofa.
Kowace taga da haƙarƙarinta na ƙarfe.
Da magariba sai ya leƙo:
"Sallau, ka ga baƙuwar fuska?"
Yaro mai tallar lemo, mun kore shi.
Mai gyaran takalmi, mun ce leƙen asiri ya kawo shi.

Ranar da aka sace janareton maƙwabci
ya ce a ɗauko nasa daga tsakar gida
a kai shi ciki, daf da ɗakin kwana.
Muka ɗaure shi da sarƙa kamar ragon layya.
Ni na kama gefe ɗaya.
Har da cewa na yi, "Yanzu kam sai su haƙura."

Daren nan aka ɗauke wuta.
Ruwa ya kece, aka rufe tagogi ruf.
Ina zaune da tocila da gora,
idona a titi, ina tuhumar kowace inuwa,
har kare na jefa da dutse.
Injin yana ta gunjinsa a bayana,
na ɗauke shi abokin hira.

Asuba ta yi, ban ji ƙarar buta ba.
Na buga. Na sake bugawa.
Makullan suna ciki, ƙarƙashin matashinsa.
Sai da hantsi mai walda ya iso,
ya yanke ƙarfen da aka biya shi bara ya kafa.

Alhaja ta farfaɗo a asibiti.
Jikarsu ma ta buɗe ido, tana amai.
Shi kam hayaƙin ya riga mu.

Ko cokali ba a ɗauka ba.
Ɓarawon bai haura katanga ba,
mu muka shigar da shi, mu biyu, muna nishi.

Jiya Inna ta kira ni daga Gumel:
"Ka kiyayi teku, ka ji? An ce tana cin baƙi."
Na ce to, Inna.
Ina bayan ɗan acaba a lokacin,
kaina ba hular kwano,
waya a kunne,
muna kutsawa tsakanin tirela biyu a Apapa.