Yatsun Mai Gyaran Agogo

Biyar da rabi a Bukuru.
Ruwan buta ya kwana a waje,
ya ciji fuskata kamar na ci bashinsa.
Na sallame salla, haƙora ba su sallame ba,
suna can suna nasu tasbihin.

Talatu ta miƙo jaridar bara:
"Cusa a ƙirji, ƙarƙashin suwaita."
Haka nake fita kullum,
matattun labarai a kan haƙarƙarina
suna tare min iska,
amfanin da ba su yi ba da suna sababbi.
Safar hannu ta ɓata tun makon jiya,
sai na zura safar makarantar Ummita,
fara, mai huji a diddige,
babban yatsa ya leƙo ta nan yana gaida gari.

Keken na Baba ne.
Shekara ashirin yana kai shi ramin kuza,
har yau sirdin zamansa ya sani, ba nawa ba.
Na taka, ya yi ƙara, na ce masa sannu,
ni ma gwiwata haka take cewa.

Kududdufin bayan gari yana hayaƙi ba wuta.
Duwatsu sun hau kan juna sun yi tsit
kamar tsofaffin da aka hana su garwashi.
A gangaren Zarmaganda iska ta samu kunnena,
ta shiga ba sallama.
Hawaye suka fito, ba na baƙin ciki ba,
suka bi ta gefe zuwa ƙeya.
Wata bas ta wuce, gilasai a rufe ruf,
yaro a ciki ya zana kifi a kan raɓar numfashinsa.
Kuɗin motar nan, zuwa da dawowa,
shi ne mudun garin da za mu tuƙa da dare.
Na yi lissafin, na ƙara taki.

Anglo-Jos, ƙamshin biskit daga masana'anta,
ciki ya yi magana,
nan kuma sarƙa ta ga damar sauka.
Na tsuguna. Yatsu goma, ba ko ɗaya nawa.
Ina ganin su suna taɓa ƙarfe, labari bai iso ni ba.

"Kai, mai agogo! Zo nan kafin ka zama itace."
Ngo Kachollom ce, mai ƙosai a bakin kwalbati,
ta ɗaure kai da tawul biyu.
Ta ja kaskon gefe, ta bar min bakin murhu.
Ta ga safar, ta yi dariya har da tari.
Jini ya dawo da allurai dubu,
na ciji leɓe don kada in yi kukan yara.
Ta naɗe ƙosai uku a takarda, ta ƙi karɓar kuɗi:
"Agogon ɗana Gyang ya tsaya tun Lahadi.
Gobe zan kawo, sai mu yi ba ka, ba ni."

Na mayar da sarƙa, baƙin mai a farar safa.
Ummita za ta yi shari'a da ni da yamma.

Taminus, bakwai da kwata.
Na buɗe akwatin gilashi,
agogo talatin, kowa da tasa ƙaryar,
amma duk sun yarda na makara.
Mutum na farko ya ajiye nasa, yana sauri.
Na ɗauki ɗan sukurun da bai kai ƙwayar gero ba,
ya kuɓuce, ya faɗa tsakanin ƙafafuna.
Na ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, ɗan zauna.
Lokacinka zai gyaru.
Bari rana ta haye rufin kasuwa
ta dawo min da hannuna tukuna."