Daƙiƙa Talatin

A Balfaraiso, inda gidaje suka hau duwatsu
kamar awaki masu gudun ambaliya,
akwai wani ɗaki ƙarƙashin ofishin tashar jiragen ruwa
da aka haramta wa ruwa shiga,
ko da na kashe wuta ne.

Nan nake zuwa duk bayan wata shida,
ni Baltasar, da ma'aunina da ɗan littafi,
in gaida tukwane goma sha biyu, jajaye,
tsaye jikin bango kamar dogarawan da aka hana magana.
In duba allura, in rubuta: lafiya lau.
Shekara goma sha tara
hannuna bai san wata kalma ba sai ita.

Cikinsu babu ruwa, babu kumfa, babu gari.
Iska ce aka danne, aka ɗaure mata baki,
ba ta da wari, ba ta da launi,
ba ta kuma ciyar da harshen wuta.
Wuta kuwa 'yar numfashi ce, kamar ni da kai:
rage mata abin shaƙa, ka ga ta durƙusa.

Na san abin da ruwa yake yi wa takarda.
Shekarar da gobara ta lashe unguwarmu ta kan tudu
'yan kwana-kwana sun ceto rabin ɗakin mahaifiyata.
Wasiƙun babana da wuta ta yafe wa,
ruwa bai yafe musu ba.
Tawada ta gudu ta bar layi.
Tsohuwa ta shanya su a igiya, ɗaya bayan ɗaya,
ta tsaya tana kallonsu sun bushe,
babu abin da za ta karanta.

Wata Talata a watan Yuli, sanyi yana cizo,
Eliana ta yi dare tana jera tsofaffin rajistoci.
Wayar lantarki a bayan kantar takardu ta yi tari,
ta tofa ɗan tartsatsi.
Hancin farko da ke rufi ya ji hayaƙi, ya yi shakka.
Na biyu ya ji, ya ce, ba ƙarya.
Sai ƙararrawa. Sai jar fitila.
Daƙiƙa talatin, kowa ya fita.

Talatin. Me mutum zai ɗauka?
Ta kai hannu ga rajista, ta janye.
Ta bar tabarau, ta bar shayin da bai huce ba,
takalmi ɗaya ya suɓuce a hanya,
ba ta waiwaye shi ba.
Ƙofa ta ja kanta ta rufe.

Daga waje, in ji ta, ta ji wani huci
kamar teku ce ta kutso ta ramin allura.
Bango ya girgiza, kunne ya toshe,
sannan tsit.

Da asuba aka kira ni.
Muka jira aka zuƙe iskar, muka shiga.
Baƙin tabo, bai fi tafin hannu ba, a gefen katako.
Shi ke nan abin da ta samu ta ci.
Takardu sun watse a ƙasa, hucin ya kaɗe su,
amma a bushe suke.
Sunayen matuƙan da suka mutu kafin a haifi kakana
suna nan, kowane harafi a mazauninsa.

Allurai goma sha biyu duk sun kwanta a sifiri.
Na shafa wuyan tukunyar farko, sanyi ƙalau,
ta yi fayau
kamar wanda ya amayar da maganar da ya daɗe yana haɗiyewa.

Ba ɗan jaridar da ya leƙo.
Wa zai ɗauki hoton gobarar da ba ta tashi ba?

Na buɗe littafina, alƙalami ya ƙi tafiya.
Eliana tana durƙushe, tana neman takalminta ƙarƙashin tebur,
tana tambaya yaushe za a kawo cikakku.
Na ce Alhamis,
in motar kamfani ba ta sake mutuwa a hanya ba.