Injin da Tanimu Ya Aiko

Kwantena ta iso Kurmin Mashi ran Talata,
bayan la'asar, ana yayyafi.
Da muka ɓalle kwaɗo, warin teku ne ya fara fitowa,
sannan motoci rabi-rabi, an datsa su kamar kabewa,
kowace da sitiyarinta a dama,
kamar bahago a bakin akushi.
Can ƙurya, wani inji a naɗe cikin bargo,
an rubuta masa da farin fenti:
Na Oga ne. Kada a sayar.

Rubutun Tanimu.
Yaron da na fara ba wa wankin noti a kwanon fetur,
wanda ke gane ciwon mota daga tarinta
tun kafin ta karyo kwana.
Shekara tara ke nan sifanarsa mai lamba goma sha uku
tana rataye inda ya bar ta.

Yana wani gari, Toyama, a bakin ruwa,
aikinsa kwance motocin da ba su yi laifin komai ba,
shekarunsu ne kawai suka cika a takarda.
Ya ce, Oga, ranar farko hannuna rawa yake yi,
kamar an ce in yanka lafiyayyen rago
ba salla, ba suna.

Daren Asabar, in ji shi, sukan taru ƙarƙashin wata gada:
mutumin Pakistan, ɗan Barazil mai zanen hannu,
wasu biyu daga Siri Lanka,
da tsoho Okabe, mai gidansu, da jar motarsa tun ta samartaka.
Ba mai jin yaren wani sosai.
Sai a ɗaga murfi, a tayar, kowa ya sunkuya.
Inji ba ya neman tafinta.

Wata rana suka ce ya nuna ta ƙasarsu.
Ya lalubo hoton Fijona,
haɗin Kakuri, ƙofar baya ɗaure da igiyar roba.
Okabe ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Tafiyar nawa ta yi?
Tanimu ya ce, mitar ta mutu tun ban san kaina ba.
Sai tsohon ya rusuna wa wayar.
Ya ce, wannan ta yi sa'ar iyayen gida,
namu ba ma barin su su tsufa.

Titi can shimfiɗe yake kamar faranti,
amma ba mai danna ham.
Shirun ne, ya ce, ke hana shi barci.
Shi ya sa in na bi ta Kawo nakan kira shi,
in miƙa wayar ta taga:
'yan kamasho, Zariya saura mutum ɗaya,
mai keke yana zagin mai tirela.
Ba ya cewa komai.
Ina dai jin numfashinsa.

Kwana shida muka yi da Dogara mai walda,
muna lallashin injin Japan ya zauna a cikin Bafaranshiya.
Aka yanke nan, aka ƙara can,
Dogara ya ƙone babban yatsa, ya rantse ya daina, ya dawo.
Ranar Litinin da magariba na murɗa makulli.
Sau ɗaya, tari.
Sau biyu, tari.
A na uku ta ɗauka,
har mai shayin tsallake ya ajiye ludayi.

Na kira shi. Ƙarfe biyun dare a wurinsu.
Ban yi sallama ba, na ɗora wayar kan lagireto.
Na ƙirga numfashi goma ina jiran barka.

Ya ce, Oga,
duba fulogi na uku.

Na duba.
Shi ne kuwa.