Bulon Na Shida

Bayana a kan kwali, a garejin Nomau da ke Bagalam,
cikin mota ya rufe mini sama.
Ta Kutunu ta zo, otomatik ce,
ita ke sauya wa kanta giya.
Hajiya Tsahara na son abarta kafin Lahadi.

Da hantsi muka zura tulun a bakin bwat.
Nomau ya ce, juya, ka saurara.
Ƙwas. Na juya. Ƙwas.
Na ce ya zauna.
Ya ce, yaro, sau uku ake sallama.
Na ƙara juyawa, sai ya nutse ciki
da wata 'yar ƙara da da ƙyar na ji.

Yanzu bwat ta haɗu da inji baki da baki,
ba mu ja ta da ƙarfin kile ba.
Na sa yatsa ta ramin demarar,
tulu na yawo, jan mai na motsi a cikinsa.
Tsakaninsa da faifai, kaurin ƙwayar gujiya.

Ilu na gaba, yana murza inji da dogon kile.
Tsaya! Rami ya zo.
Na jawo tulu ya sumbaci faifai,
na ɗaura na fari da yatsu, ban matse ba.
Murza. Tsaya. Na biyu.
Zufa na shiga mini kunne.
Kowa sai ya samu wurinsa kafin a matse wani.

Na shida ya kuɓuce.
Na ji faɗuwarsa, rairayi ya haɗiye.
A gwangwanin tumatir akwai wani,
hakoransu ɗaya, ya fi shi tsawo da kaɗan.
Wa zai gani a cikin wannan duhu?

Ƙafafun Nomau suka zo suka tsaya,
silifa ɗaya ɗaure da waya.
Bai duƙa ba.
Ya ce, dogo na huda bayan tulu,
na taɓa biyan jika tamanin a hanyar Madarunfa.
Ƙafafun suka tafi wurin mai shayi.

Na tankaɗe rairayi da tafin hannu
har aka kira la'asar.
Ga shi, gindin taya, ya sha ƙasa.
Na wanke shi da esansi, na hura.

Ilu, murza.
Sai mu sake zagayowa, ɗaya bayan ɗaya,
yanzu da ƙarfi.